Hanyar da Yayana Ya Haddace

Shekarar da yajin aiki ya rufe makarantu, muka zauna gida ba karatu ba jarrabawa, sai na zama aparantin yayana, wato yaron motarsa. Direba ne, yana jan wata farar bas ta wani Alhaji daga tashar Madawa zuwa Buza, ranar da kasuwa ta yi kira mu zarce har Keita. Aikina ɗaure kaya, kiran fasinja, da sa dutse a bayan taya in mun tsaya a gangare. Da wannan motar Inna take ci, da matar Yaya da 'ya'yansa, har da ni mai taƙamar ɗan kwaleji.

Ban daɗe a motar ba na gane Yaya ba ya gani sosai. In na miƙa masa shayi sai hannunsa ya wuce kofin ya kamo iska. A hanya yakan tambaye ni kamar mai jarraba ɗan makaranta: "Kai ɗan lakwal, mi ac can gabanmu?" In na ce raƙumi ne sai ya ce, "Madalla, ashe kana gani." Wata rana na yi masa ƙarya da gangan. Tarin ƙaya ne a gefen hanya, na ce amalanke ce. Ya ce madalla. Na kafa ido a hanya har muka shiga Buza.

Da ka yake tuƙi. Ya san kowane rami na hanyar, ya san inda jar ƙasa take komawa yashi, ya san ƙarar da taya ke yi in ta hau simintin da aka shimfiɗa a cikin ƙorama, kuma daga wannan ƙarar ya san lokacin karya kwana. Sauran aikin oda ke yi. Tun daga fitar gari yake danna ta, jaki da mutum kowa ya yi ta kansa. Ni kuma na koma zama kusa da shi, in na hango abin da bai kauce ba sai in yi tari, shi kuma ya taka birki. Ba mu taɓa shirya wannan da baki ba. Fasinjoji suna yaba hannunsa, tsofaffi suna sa masa albarka, ni kuwa kullum rigata jiƙe take da gumin tsoro.

Mahaifinmu da makanta ya ƙare, yana zaune a zaure ana kawo masa ruwan alwala. Yaya ne ya yi jinyarsa, saboda haka ya san abin da yake gudu. Ya kuma san cewa ranar da likita ya ce idonsa ya lalace, ranar Alhaji zai karɓe makulli. Na kai wa Inna maganar a ɓoye, ta ce in rufe mata baki, mai ciwon ido ba ya kai mota Keita ya dawo da ita. Na yi tunanin zuwa wurin Alhajin da kaina, amma wane ƙane ne zai je ya kife tukunyar gidansu da hannunsa? Gaba kura, baya siyaki. Da na tari Yayan kansa da maganar, na ce mu je asibitin mishan a duba shi, dariya ya yi.

"Makaho ka cinye ku kullum a tele? In ni makaho na, to ku mi kuke?"

Wannan ita ce hujjarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi, sai na bayyana yadda take.

Fadarmu, wato inda muke taruwa shan shayi bayan la'asar, tana ƙofar shagon wani mai gyaran rediyo da talabijin. Kirista ne, a unguwar ma'aikatan asibitin mishan ya tashi, kuma da wasu Turawa za su koma ƙasarsu 'ya'yansu suka bar masa na'urar wasa da kaset biyu. Manet ɗaya ce kawai ke aiki, wato abin riƙewa mai maɓallai, saboda haka bi da bi muke yi. Duka kaset ɗin na tseren mota ne, kuma duka motocin ba su da taya, wai na zamanin jikokin jikokinmu ne. Mu da muke tura bas cikin yashi da kafaɗa, ka ga kuwa dole abin ya shiga ranmu.

Ɗaya muna ce masa Mai Shawagi. Hanya ce rataye a sama, ƙarƙashinta birni mai benaye har cikin gajimare, motarka tana yawo a kanta kamar ƙwallon kaɗanya a kan siminti. Kai kaɗai ne a hanya, agogo ne alƙali. In ka gogi gefe sai motar ta yi ƙara ta rage gudu, in ka cika gogawa ta fashe. Ɗayan kuma Mai Rami: cikin wani dogon bututu kake gudu, kana iya hawa bango har rufi, abubuwa suna faɗo maka ta ko'ina kana harbinsu, kuma ba ya taɓa maimaita kansa.

Fada ta rabu biyu, kuma rabuwar ba ta wasa ba ce. Shugaban 'yan Rami abokin Yaya ne tun na yarinta, direba shi ma, amma ba shi da mota a hannu a lokacin. Yana da murya kamar ta mai shelar kasuwa. Shi a wurinsa Mai Shawagi wasan tsofaffi ne, hanya ɗaya yau da gobe kamar jakin mai ɗiban ruwa. 'Yan Shawagi su ce Mai Rami hayaniya ce kawai, kiɗansa kamar ana dukan garwa, kuma ko makauniyar kaza ta danna maɓalli za ta harbi wani abu. Akan yi gardama a kan kiɗa, a kan wace mota ta fi kyan hanci, a kan wane birni mutum zai so ya zauna a ciki. Shayi yakan ƙone a kan gawayi ana musu. Yaya shi ne limamin 'yan Shawagi, kuma bai taɓa yarda ya riƙe manet in an sa Mai Rami ba.

"Wanga wasan yara na," in ji shi. "Direba na ƙwarai ba ya harbi, tuƙi shika yi. Wa ya taɓa ganin mota bisa ruhin ɗaki in ba ta mahaukaci ba?"

Kowa ya yi dariya, a ce ya kashe bakin abokinsa. Ni kaɗai na san dalili. Ya haddace Mai Shawagi tun idonsa na da sauran ƙarfi, kamar yadda ya haddace hanyar Buza. Kiɗan ne ke gaya masa inda yake. Yana zama nesa da talabijin, ya miƙe ƙafa, ya karya kowace kwana ba ko gogawa, agogonsa ba mai kamo shi. Sai ya miƙo mini manet ya ce in gwada, ni mai ido biyu.

Abu ɗaya ne ya haɗa ɓangarorin biyu: jiran na biyu, wato ci gaban wasan. In ka gama duk hanyoyin Mai Shawagi, wata ƙofa ce ke buɗewa a sama, motar ta shige ta nufi duniyar wata, sai rubutun Ingilishi ya fito. Mai gyara, da ya tsinci ɗan Ingilishi a wurin mutanen mishan, ya ce ma'anarsa sai mun sake haɗuwa. Shi ke nan, muka tabbata akwai ci gaba a wani wuri a duniya. Wani ya ce hanyoyinsa a kan wata za su kasance. Wani ya ce mutum biyu za su iya yi tare. 'Yan Rami su ma suka ce nasu na nan tafe, kuma zai zo da bindiga mai baki uku. Yaya ya bugi ƙirji a gaban kowa ya ce ranar da na biyun ya zo, shi zai fara riƙe manet, kuma in wani ya riga shi gama hanyar farko ya yarda a aske masa gemu.

Su suna jiran na biyu don nishaɗi, ni kuwa ina jiransa kamar maganin ciwo. Sabuwar hanya ce kaɗai za ta karya hujjar Yaya a gaban idon mutanen da yake jin kunyarsu. Kuma lokaci ba ya tare da ni, don bazara ta yi nisa, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Duk wanda ya san hanyar Buza ya san damina ba ta barinta yadda ta same ta. Ruwa yakan sauko daga kan tudu ya cinye gefen hanya, ya buɗe rami inda babu, ya kwashe gada. Hanyar da ke cikin kan Yaya ta rani ce.

Na zama abin dariya a tasha. Ba direban Ƙwanni da ban roƙa ba, ba ɗan kasuwar Sakkwato ko Kano da ban zana wa hoton kaset ɗin a bayan kwalin sukari ba. 'Yan bida, wato 'yan ci-rani, da suke dawowa daga Abijan da Legas don noma, tun ba su sauke jaka ba nake tare su da tambaya. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Ɗana, mutane na neman hatsi kai kana neman mota maras ƙahwa?" Ban iya gaya masa cewa hatsin gidanmu da rayukan mutane nake nema ba.

Sau ɗaya aka kawo. Wani mai sayar da batir ya zo da shi daga Kano, da lamba biyu ƙatuwa a jikin takardarsa, ja wur. Na rungume shi a ƙirji har fada. Aka taru, har masu shagunan kusa suka leƙo. Mai gyara ya hura ƙasan kaset ɗin ya danna shi. Kiɗan farko da ya fito na san an cuce ni. Tsohon ne, ba abin da aka canza sai takardar da launin sama, shuɗi ya koma ruwan goro. Yaya ya ji kiɗan, na ga kafaɗunsa sun sauka, ya karɓi manet ya cinye kowa. Ranar har rawa ya taka, yana shafa gemu yana cewa wanzami ya koma gida. Na zagaya bayan shago na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Kwana kaɗan bayan haka muka kashe jaki. Na yi tari, na sake yi, na ƙwala ihu, amma oda ta rufe muryata. Matar da ke jan jakin tsalle ɗaya ta yi ta tsira, da goyo a bayanta. Yaya ya ce wa fasinjoji rana ce ta haske masa gilashi. Ranar kuwa tana bayanmu.

Da yamma na samu mai gyara shi kaɗai, na zayyane masa komai. Ban taɓa gaya wa wani a wajen gida ba, ina magana ina jin kamar ina tuɓe wa Yaya riga a kasuwa. Ya ajiye abin narka dalma da ke hannunsa. Ya ce shi ma ya lura Yaya ba ya duban talabijin in yana wasa, kunne yake karkatowa. Sannan ya ce na biyu dai ba shi da shi, amma akwai wayoyi biyu a wuyan kwalbar talabijin da in aka musanya su, hoto yakan juye, dama ta koma hagu. Wasan bai canza ba, kiɗan bai canza ba, abin da ido ke gani ne kawai ya juye. Ya buɗe bayan akwatin ya yi aikin a gabana. Na karɓi manet na gwada. Ina ganin kwana ta yi dama na karya dama, motar ta daki bango. Sau uku ina fashewa tun ban yi nisa ba.

Washegari bayan la'asar fada ta cika. Mai gyara ya riga ya ja mutane gefe ɗaya bayan ɗaya ya ce duk abin da suka gani su yi shiru. Abokin Yaya, shugaban 'yan Rami, shi aka fara ba manet a Mai Shawagi. Bai san dalili ba tukuna, an dai ce ya yi. Ya fashe a kwanar farko, ya sake fashewa. Yaya yana jin ƙarar yana ƙyaƙyatawa.

"Ka gani? Harbi ya ɓata maka hannu. Kawo nan in koya maka tuƙi."

Na yi addu'a a raina ya daki bango. Wallahi ban taɓa son a ci Yaya ba kamar ranar, don in ya daki bango yana gani ke nan, ni ne maƙaryaci, kuma da farin ciki zan karɓi sunan. Ya miƙe ƙafa yadda ya saba. Kwana ta nuna dama a talabijin, yatsansa ya danna hagu, motar ta bi hanya sumul. Haka ta biyu, haka ta uku. Lambobin agogo suna tafiya a juye a saman hoton, kowa yana ganinsu ban da shi. Ya gama ba ko gogawa ɗaya, ya ɗaga manet sama yana jiran shewa.

Ba wanda ya yi motsi. Ana jin butar shayi tana tafasa.

"Mi ya hwaru? Wa ya mutu?"

Abokinsa ne ya amsa, kuma ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. "Hoton juye shike tun ɗazu. Dama ta koma hagu. Mai ido ba ya iya bin hanyag ga, abokina. Kai ɗai ka bi ta."

Yaya ya tashi ya matsa gaban talabijin, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe bai tambayi wanda ya shirya abin ba, ya juyo daidai inda nake zaune, don ya san tarina ko a cikin taro. Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni, ya ajiye manet a kan benci ya tafi. A bakin kwata ya yi tuntuɓe, ba wanda ya yi ƙarfin halin tare shi.

Kafin gari ya waye aka yi ruwan farko. A Madawa yayyafi ne, amma walƙiya ta nuna ya zuba sosai ta arewa. Da safe na tarar da Yaya a tasha ya riga ni, mota cike da 'yan kasuwa da buhunan albasa. Bai amsa gaisuwata ba. Abokinsa yana tsaye a jikin ƙofar direba ya harɗe hannu, ya ce ko a ba shi makulli ko ya tara tasha da muryar nan tasa. Suka yi ta ja-in-ja ƙasa-ƙasa. A ƙarshe Yaya ya jefa masa makullin ya ce na yau kaɗai, don ya huta da bakin mutane, ya zagaya ya zauna a gefe, ni a bayansa.

Tun fitar gari yake ba da umarni, da ƙarfi, don kowa ya ji. Rami na tafe ta hagu. Rage, akwai yashi. Kama dama, akwai dutse. Kuma duk yadda ya faɗa haka ne, har fasinjoji suka fara dariya suna cewa wannan ko da ido rufe zai kai mu. Na ga wuyansa ya fara miƙewa. Na ce a raina shi ke nan, gobe zai karɓi makullinsa, duk abin da na yi ya tashi a banza, na kuma rasa ɗan'uwa.

Muka hau wani tudu muka fara gangarawa. Yaya ya ce, "Nan shimhiɗe take har ƙorama. Taka mai, kak ka ji tsoro." Abokinsa ya taka birki da ƙafa biyu. Buhuna suka zubo, mata suka yi salati, motar ta ja ta tsaya a karkace.

Babu hanya a gabanmu. Ruwan da ya sauko daga tudu ya yanke ta, ya bar rami mai zurfin da zai haɗiye bas ɗin da kayanta, jan ruwa yana gudu a ƙasa. Tsakanin tayar gaba da bakin ramin bai fi tsawon tabarma ba.

Yaya ya tambayi dalilin tsayawa. Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya bi jikin motar da hannu har hancinta, ya ci gaba. Na diro na bi shi, ban taɓa shi ba. Ya ji ƙarar ruwan ya rage tafiya, ya riƙa tura ƙafa a hankali har yatsunsa suka samu inda ƙasa ta ƙare. Wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa, muka ji ƙararsa can ƙasa. Ya tsaya a nan, bayansa ga motar da mutanen cikinta, yara suna kuka.

"Wagga ban san ta ba," in ji shi, ba da ƙarfi ba.

Ya miƙo hannu baya yana laluba, na matso, ya dafa kafaɗata. Hannun yana da nauyi. Haka na ja shi har mota a gaban kowa. Kafin ya shiga ya ce, "Gobe ka kai ni wurin lokotoro."

Idon hagu ya riga ya mutu, in ji likitan, da an zo da wuri da wata magana ce. Na dama aka yi wa aiki, ya dawo da abin da zai gane fuska ya kuma kai kansa masallaci. Alhaji ya ba abokinsa motar. Yaya ya koma rubuta wa fasinja tikiti a tasha da fuskarsa manne da takarda, gidanmu ya koyi cin tuwo ba nama. Inna ta yi wata biyu ba ta yi mini magana mai daɗi ba.

Mai gyara ya mai da wayoyinsa yadda suke, gardamar Shawagi da Rami ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ni dai na daina tambayar kowa na biyu, ko sunansa ba na son ji. Yaya ne ya karɓi aikin. Duk motar da ta shigo daga Ƙwanni sai ya tashi daga teburinsa ya tambayi direban ko an gani. Ya ce mini in ya zo shi zai riƙe manet, ni in zauna kusa da shi in riƙa faɗa masa kwana, amma da baki, ya gaji da tari. Har aka buɗe makarantu, har fadar ta watse, bai zo ba.